Ƙaramar tirelar kwana ta shiga daji: sabuwa mara nauyi ko tsohuwa mai kaya?

Baban Hanifa, Aurora, Kolorado

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni, musamman mazauna jihohin yammacin Amurka.

Ni da iyalina muna son fita kwanan daji idan zafi ya shigo. Yawanci wajen garuruwan Buena Vista da Leadville da ke tsaunukan Kolorado muke nufa, mu bi hanyoyin burji na hukumar gandun daji, mu sami fili mu kafa tanti. Ni tantin bai dame ni ba, amma uwargida ta gaji. Wajen ƙarfe uku na dare sanyi ke ratso katifar iska har ƙashi, ko da a watan Yuli ne, kuma tun ranar da muka wayi gari muka ga sawun beyar kusa da inda muka yi girki ba ta ƙara yin barci mai nauyi a tanti ba. Gaskiyarta ce kuwa. Ga Hanifa, shekararta huɗu.

Abin da ya kwanta mini a rai shi ne ƙaramar tirelar nan mai siffar ɗigon hawaye, wadda gabanta ya yi tudu bayanta ya zube. Ciki katifa ce da 'yan kabad, ƙofa hagu da dama, a baya kuma sai a ɗaga murfi a sami kicin, mutum ya yi girki yana tsaye daga waje. Na je baje kolin Overland Expo da ake yi a Loveland cikin watan Agusta, na shiga wasu na miƙe ƙafa, na buɗe kabad na rufe, na leƙa ƙarƙashi. Akwai masu kyau sosai, amma wasu kuɗinsu ya haura dala 40,000. Abin da na tara dala 20,000 ne, kuma ba zan ci bashin banki mai kuɗin ruwa saboda abin shaƙatawa ba.

Guda biyu ne yanzu a gabana. Ta farko sabuwa ce, faɗinta ƙafa 5, tsawonta ƙafa 9, nauyinta fam 1,300 ba kaya a ciki. Sifirin ɗinta irin na bayan a-kori-kura ne, ba tankin ruwa, ba firij, sai batir da fitilu da fanka. Dala 14,000, kuma sai na jira wasu watanni kafin a ƙera. Ta biyu wani bawan Allah ne zai sayar, shekararta biyar a hannunsa. Manyan tayu ne da ita, kowace taya da nata sifirin daban, ga tankin ruwa mai galan 20, ga firij, ga sola, har da tanti a samanta. Ya ce nauyinta fam 2,200, yana neman 19,500. Wallahi ita ce zuciyata ke so.

Motata Subaru Outback ce ta 2021, mai ƙaramin injin 2.5. Littafinta ya ce tana jan fam 2,700. A lissafina ke nan akwai rarar fam 500. Wannan lissafin daidai ne? Sannan sifirin mai tsadar nan, dole ne ko ado ne? Waɗanda kuma ke fita da iyali, yaya kuke yi da salla da alwala da bayan gida? Allah ya ba da ikon taimakawa.

Kawu Na Flagstaff

Wa'alaikumus salam Baban Hanifa. Ina da irinta, Toyota 4Runner nake janta da ita, don haka bari in yi maka bayani dalla-dalla, ka yi haƙuri da tsawon rubutu.

Lissafinka da gyara. Fam 2,200 ɗin da mai ita ya faɗa, ka tambaye shi a ina ya samo shi. Galibi lambar da ke jikin takardar kamfani ce, wato nauyin tirelar ranar da ta fito, kafin a ɗora mata tanti a sama da rumfa da ƙarin batir. Tantin sama shi kaɗai yakan haura fam 100. To ko mun yarda da 2,200 ɗin, galan ɗaya na ruwa fam 8 ne da ɗoriya, galan 20 ya kai kusan fam 170. Ƙara tukunyar gas, abinci cike da firij, tukwane, kujeru, tebur, barguna, kayan gyara. Kafin ka rufe ƙofa ka ɗora fam 500 ko fiye, ka ga rarar ta tafi tun kana ƙofar gida.

Akwai lambar da ta fi wannan matsewa, mutane ba sa duba ta. Tirela tana danna bayan mota da wani kaso na nauyinta, ana so ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, in ya gaza haka sai ta riƙa kaɗa wutsiya a kan babbar hanya. Motarka fam 270 aka yarda a danna mata a wurin maƙalin, wato ƙarfen da ke haɗa tirela da mota. Tirela mai fam 2,700 za ta danna da 270 zuwa 400, kuma irin waɗannan na daji akwatin batir da tukunyar gas duk a gaba ake ɗaura su, don haka sun fi karkata ga babbar lambar. Sannan ka buɗe ƙofar direba ka karanta 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Za ta faɗa maka iyakar nauyin mutane da kaya da motar ke ɗauka, a irin taka wajen fam 900 ne. Abin da tirela ta danna daga cikin wannan ake cirewa. Kai, Hajiya, Hanifa da kujerarta, kula, jakunkuna, ka haɗa da kanka ka gani.

Kada kuma ka manta a ina kake zaune. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan ƙafa 1,000. Ramin Eisenhower, inda babbar hanyar I-70 ta huda dutse, yana kan tudun da ya haura ƙafa 11,000, ka ga a wurin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin motarka ya tafi, giyarta kuma irin wadda ba ta son zafi ce a dogon hawa. Da ka fito daga ramin sai gangaren Silverthorne, mai kaifin kashi 7 cikin ɗari, mil bayan mil, inda aka yi wa manyan motoci hanyar tsira don birkinsu kan ƙone. A nan ne za ka san ko tirelarka tana bin ka ne ko tura ka take yi.

Shi ya sa ko wacce ka saya, lallai ta zo da birkin lantarki. Dokar Kolorado sai daga fam 3,000 ta wajabta shi, ta Kalifoniya daga 1,500, amma littafin motarka ya fi su duka tsanani: in ba birki a jikin tirela, fam 1,000 ne iyaka. Za ka sa wa motar soket mai baki 7 da na'urar sarrafa birkin, irin su Tekonsha ko Redarc. Ka ware kuɗin wannan tun yanzu.

Yanzu maganar sifirin da manyan tayu. Tirela ba ta zuwa inda motar da ke janta ba ta je ba. Tsakanin cikin Outback da ƙasa inci 8.7 ne, kuma da zarar an danna bayanta maƙalin ne zai fara gugar ƙasa a duk kwarin da ka shiga. Tirelar da tsakanin cikinta da ƙasa ya kai inci 18 ko 20 ba ta ƙara maka komai, sai nauyi da shan mai da iska da take tarewa. Ko ni da ke da 4Runner ba na janta zuwa wurare masu wuya. Idan na je Alpine Loop, wata hanyar tsaunuka a Kolorado, a ƙasa wajen Lake City nake kwance ta, in hau Engineer Pass da mota zalla. Can sama, ƙafa 12,800, hanyar siririya ce a gefen dutse, idan kun yi kiciɓis da wata mota dole ɗaya ya yi ribas, kuma gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin lanƙwashewa idan ana baya da ita. Ba wurin gwaji ba ne da iyali a mota.

Abin da ke kashe waɗannan tireloli gargada ce, ba duwatsu ba. Hanyar burjin da ta yi layi-layi, irin ta Forest Road 300 da ke bin bakin Mogollon Rim a nan wajenmu, ita ce ke kwance notuna, ta sassauta ƙofofin kabad, ta karkaɗe ƙwai a firij. Sifirin mai zaman kansa, irin na Timbren ko Cruisemaster, yana rage wannan girgizar sosai, ni shi nake da shi kuma ina jin daɗinsa. Amma rage iskar taya da rage gudu suna yin rabin aikin kyauta. Abin da zan ce ka ƙara wa kuɗi shi ne maƙali mai juyawa ta ko'ina, irin su Max Coupler ko Lock N Roll, domin maƙalin nan mai ƙwallo na yau da kullum yana da iyakar karkata, idan mota ta gangara kwari tirela tana sama zai iya cijewa.

Sai ƙura. Wannan ba wanda zai faɗa maka a wurin baje koli. Bayan tirela yana zuƙo ƙurar da tayu suka tayar, kicin kuma a bayan yake. Na taɓa yin zango kusa da wasu mutane a Valley of the Gods, wannan hanyar mai mil 17 a kudancin Utah, suka ɗaga murfin kicinsu sai ga jar ƙura ta kwanta a kan komai kamar hazon hunturu ya kwana a ɗaki, har cikin aljihun cokula da bakin kwalbar mai. Sai da suka ƙarar da rabin ruwansu a wanke-wanke kafin su ɗora tukunya. In ka je duba kowace tirela, sa takardar dala ɗaya a bakin robar murfin ka rufe, ka ja. In ta zare salin-alin, ƙura da ruwa za su bi ta nan. Ka gwada kowane gefe, har da ƙofofin ɗakin.

Ni dai a ganina ta farkon ce daidai da motarka, a sa mata birki da maƙali mai kyau. In kuwa ta biyun ce ba makawa, to da sabuwar mota za ka haɗa lissafin.

Maman Sadiq, Salt Lake City

Sallama gare ku. Kawu ya gama da ƙarfe, ni bari in yi maganar zama a ciki, don Maman Hanifa ce za ta fi sanin daɗinta ko wuyarta. Ka ba ta wayar ta karanta da kanta.

'Yar'uwa, barci kam za ki yi shi. Bango mai kauri, ƙofa mai makulli, katifa ta gaske, ruwan sama na dukan rufi kina cikin bargo. Wannan shi ne abin da aka saya, kuma ya cancanci kuɗinsa. Amma ki sani ba a tsayuwa a ciki. Zama kawai ake yi, rufin na dab da kai. Sauya kaya a zaune ko a kwance, salla kuwa a waje. Saboda haka rumfa ba ƙari ba ce a wurinmu, dole ce, kuma ki nace a sayi mai bango da ake zugewa ta zama ɗaki a gefen ƙofa. A nan nake shimfiɗa darduma, a nan nake sauya kaya, a nan muke ajiye takalma. Sallar asuba a kan tsauni akwai sanyi mai yanka, ni tun da dare nake cika fulas da ruwan zafi in sirka a buta.

Faɗin ƙafa 5 daidai yake da katifar mutum biyu mai inci 60. Hanifa za ta shiga tsakiya bana da baɗi, daga nan kuma sai dai wata dabara. Wasu kamfanoni suna yin ɗan gado a gicciye ta wajen ƙafafu, ku tambaya tun kafin a fara ƙerawa, don daga baya yana da wuyar sawa. Tantin saman nan ba zan sa yarinya 'yar shekara huɗu ita kaɗai a ciki ba, ga tsani ga dare.

Ruwa muna sha fiye da yadda masu ƙera tirelolin ke lissafawa, saboda alwala da tsarki. Duk da haka ban damu da tankin ciki ba. Jarkoki muke amfani da su, masu galan 5 zuwa 7. Ana iya ɗaukarsu a je a ciko ba tare da an ja tirela ba, ana ganin abin da ya rage, kuma ba bututun da zai daskare ya fashe idan sanyi ya sauko a watan Satumba. Bayan gida kuma, muna da ɗan tanti tsayayye da masai na tafi-da-gidanka. A yankin Moab da ke Utah doka ce ma mutum ya kwashe nasa ya fita da shi, ba a yarda a binne ba. Ku saba da hakan tun farko, abin ba shi da wuya kamar yadda ake zato.

Kicin ɗin yana da daɗin aiki, komai na wurinsa, ba sai an zazzage akwati ana neman ludayi ba. Sai dai rishon da ke kan allo mai zamewa ba ya jure tuƙin tuwo, rawa yake yi, ni a kan tebur daban nake tuƙawa. Miya kuwa a gida nake yin ta in daskarar, ta zama ƙanƙarar kula kafin a ci ta. A watannin Yuli da Agusta kusan kullum da rana hadari kan taso a tsaunuka, wani lokaci har da ƙanƙara, murfin kicin kuma rabin mutum kawai yake karewa, sai a yi girkin rana da wuri. Idan hukuma ta hana kunna wuta saboda fari, gawayi ya haramta, ba gashin tsire ke nan, amma galibi ana barin rishon gas mai makunni. A duba sanarwar gundumar kafin a fita.

Maganar beyar kuma kada a saki jiki. Katanga ɗaya ce ta katako tsakanin kicin da inda kuke kwance. Daddawa, busasshen kifi, kilishi, manja, duk ƙamshinsu na tafiya nesa. Da dare ni nakan kwashe su da shara in sa a akwatin ƙarfen da hukuma ta tanada in akwai, in babu in kulle su a mota nesa da inda muke kwana, in goge teburin girki tas.

Abu na ƙarshe, numfashin mutum uku a ɗan ɗaki haka yana jiƙa bango. Ko ana sanyi a bar taga a ɗan buɗe, fankar sama na juyawa a hankali. Da safe a ɗaga katifa ta sha iska, in ba haka ba ƙasanta zai yi baƙi.

Oga Bakanike, Columbus

Kawu, ranka ya daɗe, na yarda da lissafinka na nauyi gaba ɗaya, amma a kan sifirin ina da ja. Irin na a-kori-kura ba abin rainawa ba ne. In ya karye a ƙauyen da ba kowa, duk shagon kayan tirela ko na kayan gona yana da shi, kowane mai walda ya san shi, da dala kaɗan an tashe ka. Mai zaman kansa in hannunsa ya lanƙwashe sai an yi oda, ka zauna jira. A sa wa na gargajiyar shokozoba, a zaɓi wanda ƙarfinsa ya dace da nauyin tirelar. Yawancin tsallen da ƙananan tireloli ke yi, sifirin fam 3,500 aka sa wa abin da bai kai 1,800 ba, to ina zai lanƙwasa?

Baban Hanifa, ko ba wannan tsohuwar ba, in wata ta hannu ta fito mai sauƙin nauyi, ga yadda za ka duba. Fara da hanci. Buɗe ƙofa ka shaƙa, in ka ji warin laima ka yi sallama ka tafi. Yawancinsu katako ne a ciki aka lulluɓe da alminiyom, ruwa kan shiga ta dogon hinjin murfin baya da gefen fanka da ƙasan ƙofofi, ya ruɓar da katakon a ɓoye shekara da shekaru. Ɗaga katifa ka danna kusurwoyi huɗu da babban yatsa, ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba ka tsokani bene. Masu jikin faiba da aka zuba gaba ɗaya, irin waɗanda Bean da Escapod ke yi a Utah, ba su da yawan gaɓoɓin da ruwa zai bi, amma da wuya ka same su a kuɗinka.

Kana ƙarƙashin ka duba walda, musamman inda ƙarfen gaba ya haɗu da shasi. Siririn layin tsatsa a jikin walda tsagewa ce. Ɗaga kowace taya da jak ka juya ta, ka girgiza ta sama da ƙasa, in tana gurnani ko tana wasa boris ya tafi. Ka'idar masu ƙera su ita ce a sake giris duk wata 12 ko mil 12,000, kuma in ana ratsa rafi da ita sai an fi haka yawaitawa. A jikin taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba.

Kada ka biya sai kun ja ta zuwa sikelin manyan motoci, irin CAT Scale da ke gidajen man direbobi, kuɗi kaɗan ne. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ka kuma haɗa lambar jikin shasi da ta takardar mallaka, ka tabbatar ba bashin banki a kanta.

Batir in na lithium ne, ba a cajinsa idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa, sai mai na'urar ɗumama kansa. A Leadville wannan ba sai hunturu ba.

Badamagare, Minneapolis

Ni tambaya ɗaya zan yi maka, ɗan'uwa: a ina za ta kwana sauran watannin shekara? Ƙofar gareji ta yawancin gidaje ƙafa 7 ce. Mai manyan tayu da tanti a sama ba lallai ta shige ba. Unguwanni da yawa kuma ƙungiyar masu gidaje ba ta yarda a ajiye tirela a ƙofar gida, sai ka koma biyan kuɗin wurin ajiya duk wata, ga lamba ga inshora. Auna ƙofarka da tef kafin komai.

Sannan ka yi hayar irinta a shafukan haya na Outdoorsy ko RVshare, ku tafi da ita ƙarshen mako ɗaya, ka hau I-70 da ita da motarka. Abin da Hajiya ta faɗa a hanyar dawowa shi ne amsarka. In kuma ta hannu kake so, ka jira Oktoba ko Nuwamba, lokacin da masu su ke neman rabuwa da su kafin dusar ƙanƙara.

Baban Hanifa, Aurora, Kolorado

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara zumunci. Na bi maganganunku ɗaya bayan ɗaya.

Kawu, takardar jikin ƙofa fam 900 ta ce, kamar yadda ka faɗa. Na kira mai tsohuwar na roƙe shi mu je sikeli, ya amince ba gardama, mutumin kirki ne. Da rabin tankin ruwa, ba abinci ba kayan sawa, ta ba da fam 2,580. Shi kansa ya yi mamaki. Na yi masa godiya na ce ta fi ƙarfin motata. Na auna gareji kuma, Badamagare, da tantin saman ba za ta shiga ba ko da na so.

Maman Sadiq, Maman Hanifa ta karanta naki har sau biyu, ta ce in gaishe ki da kyau. Rumfa mai ɗaki da ɗan gadon yarinya sun shiga sharuɗɗanta, tankin ruwa kuma ta ce a bar shi. Mun kama hayar wata mai nauyi kusa da na sabuwar, za mu gwada ta a hanyar Kebler Pass wajen Crested Butte idan ganye ya fara sauya launi. Na riga na kai motar a sa mata soket da na'urar birki. In gwajin ya yi, zan ba da odar sabuwar da birki, da shokozoba kamar yadda Oga ya ce, da maƙali mai juyawa. A lissafina zai tsaya wajen 17,000, saura in riƙe don rumfa da firij.

Abin da ya rage mini shi ne ɗumama ɗaki. Ina da ƙaramar hita ta gas wadda muke kunnawa a bakin tanti. Zan iya amfani da ita a ciki in na ɗan buɗe taga, ko sai na sa wadda kamfani ke haɗawa?

Kawu Na Flagstaff

Kada ka kwana da wannan hitar a ciki, Baban Hanifa, ko taga a buɗe. Ɗakin ya yi ƙanƙanta, bargo na kusa da wuta ta ko'ina, tana cinye iskar da kuke shaƙa, tana kuma ƙara jiƙa bango. Wadda ake so ita ce mai ƙona gas ko dizal a rufaffen akwati, hayaƙinta ya fita waje, iska mai ɗumi kawai ta shigo, irin su Propex. Ka ce su sa maka ita tun a wurin ƙira, ko aƙalla su bar mata gurbi da ramin bututu. Ko da ita, ka manna na'urar gargaɗin hayaƙi mai guba kusa da inda kanku yake, ka riƙa gwada batirinta kafin kowace fita.

In kuɗin bai kai ba bana, bargo mai kyau da robar ruwan zafi a wajen ƙafafu sun ishe ku daga Yuni zuwa farkon Satumba, jikin mutum uku na ɗumama ɗan ɗakin fiye da yadda kake tsammani. Kafin ku tafi Kebler ka sauke taswirar hanyoyin mota ta hukumar gandun daji a waya, don sabis na ɗaukewa a can, kuma a wannan yankin na Crested Butte an taƙaita kwana zuwa wuraren da aka sa wa alama. Bayan mil 50 na farko ka tsaya ka ƙara ɗaure notunan taya, ka taɓa tsakiyar kowace taya da bayan hannu ka ji ko ta yi zafi fiye da 'yar'uwarta.